Gefen Da'ira Nawa Ne?

Wata ɗaliba ta taɓa tambayata a aji: "Malam, gefen da'ira nawa ne?" Cikin gaggawa na ce ɗaya. Da dare amsar ta hana ni barci. Na tuna Arkimidis, masanin Girka, wanda ya zana siffa mai gefe 6 cikin da'ira, ya yi ta ninka gefen har 96. Kowane ninki yana matsowa kusa da da'irar, amma ba ya riskarta, ko da za a ninka har abada. A ganina, kalmar "gefe" ce ta yaudare ni: gefen tabarma miƙaƙƙe ne, na faifai kuwa lanƙwasasshe. Washegari na nemi afuwarta, na tambaye ta wanne take nufi.