Hannun da ke kan totur

Mu biyu muka yi wannan aika-aika, ni da ƙanena, kuma mun yi alkawarin ba za mu raba laifin ba.

Gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta, sana'armu kuwa rubuta manhajar kwamfuta. Sau uku a mako muke hawa Boxer ɗinmu mu shiga Kano, inda wuta da intanet suka fi zama. Yatsu su wuni a kan kwamfuta, da yamma kuma hannun dama ya maƙale wa totur har gida. Kafin a kai rabin hanya wuyan hannu ya yi tsami, yatsu sun sage.

A YouTube muka ga yadda Turawa ke yi. Motoci sun daɗe da na'urar da ke riƙe gudu ba sai direba ya taka ba. Wani injiniya makaho ɗan Amurka, Ralph Teetor, shi ya ƙirƙiro ta, kamfanin Chrysler ya sa ta a motocinsa a 1958. Ta masu ƙananan babura ba ta kai wannan ba. Maƙali ne kawai da ake ɗamke hannun totur da shi, a jingina bakinsa da hannun birki, sai totur ya tsaya inda aka bar shi. Muka ce wannan ai ba sai an yi odarsa ba.

Muka kai wa bakaniken garinmu zane a takarda. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Samari, shi wannan sifirin da ke cikin kafireta, kun san me ya sa aka saka shi?" Muka ce don ya mayar da totur idan an saki. Ya ce, "To, ku kuma kuna so ku hana shi." Ya miƙo mana takardarmu. Muka dawo gida muna cewa mutumin bai waye ba. Da guntun ƙarfe, da noti ɗaya, da robar tsohuwar taya muka haɗa abinmu a zaure.

A kan kwaltar da ta tashi daga Kano ta bi Ɗambatta da Kazaure zuwa Daura, abin ya yi aiki. Aka sassauta hannu, babur na ta tafiya, muna ta dariya. Mako biyu muna jin daɗinsa.

Sai dai wanda ya san ƙasarmu ya san ba ta da fili na banza. Gona na jingine da gona, gida na kallon gida, hanya kuma ta kowa ce: amalanken shanu da taki, jaki, akuya, 'yan makarantar allo, tsohon da ya fito daga bayan darni bai duba ba. Hanyoyin da muka gani a bidiyo, mutum zai yi tafiya mai nisa bai ga ko kaza ba. Wannan bambancin ne ba mu lissafa ba.

Wata ranar kaka, bayan la'asar, mun sauka daga kwalta mun kama burji, muka manta maƙalin yana ɗaure. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 6 ba ta fito daga cikin dawa a guje, tana koro ɗan akuya. Aka saki totur, bai koma ba. Aka danna birki, inji na ja gaba. Da kyar aka damƙe kuloci, babur ya yi ihu, ya zame, muka zube cikin kunyoyin gyaɗa. Tayar gaba ta tsaya kusa da silifas ɗin da ya fita daga ƙafarta.

Uwarta ta taho da gudu ba mayafi. Ta duba 'yarta sama da ƙasa, sannan ta juyo ta ce mana, "Sannunku, bayin Allah, ba ku ji ciwo ba?" Da zagi ta yi da mun fi samun sauƙi.

Abin kunyar shi ne, a wurin aiki tambayar farko da muke yi wa kowace manhaja ita ce: idan abu ya ƙwace, ina zai faɗa? Ta mota tana sakin kanta da zarar an taɓa birki. Tamu ba ta san an taɓa komai ba. Sifirin da bakanike ya tambaye mu shi ne amsar, mu kuma da iliminmu muka ɗaure shi.

Da daddare Baba ya ga gwiwoyinmu a ƙuje, muka gaya masa gaskiya. Ya tambayi wa ke tuƙi. Muka yi shiru. Ya ce, "Gobe ku ɗauki goro ku je ku gaida iyayen yarinyar, ku biya ta wajen bakaniken nan ku ba shi haƙuri."

Mun je. Maƙalin yanzu shi ke riƙe ƙofar akurkin kajin Inna. Hannu kuwa har yau yana tsami. Idan ya dame mu sai mu tsaya gindin wata tsamiya, mu sha ruwa, na baya ya karɓi tuƙi.