Hucin Akwatin Sauti

Wata uku na yi ina tara kuɗi kafin wani kafinta a Orozo ya ƙera mini akwatin babbar lasifikar motata. Ban kai Karshi ba murna ta koma ciki, domin da zarar ganga ta yi nauyi sai akwatin ya riƙa huci kamar kububuwa. Na juyo a fusace, na ce ya lalata mini lasifika.

Dattijon bai tanka ba. Ya kama hannuna ya kara a bakin bututun akwatin, na ji iska tana fesowa tamkar zugazugi. Ya ce, "Ɗana, lasifikarka lafiya lau. Kai ka matsa in ƙanƙance komai don but ya ɗauki kaya. Iska mai yawa ta ƙaramar kafa, tilas ta yi huci."

Ya sa bututu mai faɗi, ya ƙara masa tsawo don kada amon ya sauya, ya buɗe bakunansa biyu kamar na kakaki, ya nisanta na ciki daga bango. Hucin ya ɗauke.

Ladan aiki na biya sau biyu, haƙuri kuwa har yau ina ba shi. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.