Wace Kasuwa Ta Fi Girma?



Babu wanda bai san kasuwa ba a cikinmu. Can muke kai hatsi da albasa da bisashe. Can muke samo gishiri da sabulu da tufafin yara. Can ake jin labarin wadda ta haihu da wanda ya rasu. Mu nan ƙasar Alela, in Laraba ta zo, hankalin kowa yana Konni. In Lahadi ta zo, wasu su ƙetare iyaka zuwa Illela ta Amarawa, wasu su nufi Tawa. Mutum ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ko da ba shi da abin sayarwa.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. A ajinmu na dare akwai gardamar da ba ta ƙarewa. Samarin da sunka dawo cirani suna cewa sun ga kanti a Kano wanda ya fi kasuwarmu girma, mai fitila da sanyi, ba rana, ba ƙura. Dattawa su ce duk wannan na jiya ne, ina ya kai Kurmi? Sai wasu su yi shiru, suna ganin tamu kasuwar ta rumfunan kara ba komi ba ce. Wannan shirun shi ne ya dame ni. Don haka na bincika, ga kuma abin da na samo.

Mu fara da tsufa. Kasuwar Kurmi tana cikin tsohon birnin Kano, kusa da rafin Jakara. An kafa ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ku ɗauki alli ku yi lissafi: ta wuce shekara 500 tana ci. Ayarin raƙuma daga Agadas da Gat da Tarabulus can suke sauke gishiri da takarda da kayan Larabawa. Su ɗauki jemammiyar fata da tufafin da anka rina da baba. Fatake su kawo goro daga Gwanja. Har bayi an sayar a cikinta, Allah kada ya maimaita mana wannan zamani. Har yau Kurmi tana nan. Ana samun kayan doki, da turare, da kayan dukanci, da littattafan addini.

To, shi kantin da samari ke magana fa? Sunansa Ado Bayero Mall, yana kan titin Gidan Zoo. A shekarar 2014 anka buɗe shi. Irin wannan wuri shaguna ne masu yawa ƙarƙashin rufi guda, da na'urar sanyaya iska. A babban shago ba a tayi, ba a cewa albarka. Kowane kaya da kuɗinsa a rubuce. Ka ɗauki kwando, ka zaɓi abin da kake so, ka biya a bakin ƙofa, a ba ka ƴar takarda. Girman ginin ya kusa eka biyu da rabi. Eka guda ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Shagon da ya fi suna a ciki shi ne Shoprite. A watan Janairu na 2024 ya rufe, don ciniki bai biya ba. Kun gani, bai ko cika shekara goma ba.

Amma wanda ke son ganin irin waɗannan kantuna a inda sunka ƙasaita, sai ya tafi wata ƙasa da ake kira Filifin. Tana can gabas mai nisa, gaba da Indiya, a cikin teku. Tsibirai ne fiye da 7,000. Mutanenta sun haura miliyan 100, wajen ninki huɗu na mutanen Nijar. Babban birninta Manila. Manya daga cikinku sun san Muhammad Ali, ɗan damben Amurka. A 1975 ya yi dambe da Joe Frazier a can, ya yi nasara. Shekarar da ta biyo, 1976, anka buɗe wani babban kanti kusa da wurin damben, anka sa masa suna Ali Mall. Yana cikin na farko a ƙasar. A 1985 anka buɗe SM North EDSA. A 2006 anka buɗe Mall of Asia a bakin teku. Wannan na ƙarshe, in an haɗa benensa sama da ƙasa, ya haura eka 40. Wato kantin Kano goma sha biyar ba su cika shi ba. Ku tuna da gonarku, ku auna da ita. Mutumin da ya kafa kamfanin SM sunansa Henry Sy. Da shagon takalma ya fara, a shekarar 1958. Sannu ba ta hana zuwa.

Me ya sa nasu sunka yi girma haka? Ƙasar akwai zafi da gumi, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Biranensu sun cika maƙil, wurin shan iska kaɗan ne. Sai mutane su shiga kanti don sanyi da inuwa. A ciki akwai wurin cin abinci, da likita, da ofisoshin gwamnati, har da ɗakin da Kiristoci ke ibada ranar Lahadi. Abu na biyu, su ma ƴan cirani ne kamarmu. Miliyoyinsu suna aiki a ƙasashen waje suna aiko kuɗi gida. Alhazanmu sun sha ganin su suna aiki a asibitocin Saudiyya. Duk da haka ba su bar kasuwar gargajiya ba. Suna kiran ta palengke. Can talaka ke zuwa sayen kifi da ganye, a yi tayi, a yi ragi, kamar yadda muke yi.

Yanzu mu jera su. Wajen faɗi, na Filifin sun yi gaba. Wajen shekaru, Ali Mall yana wajen shekara 50, Kurmi ta ninka shi sau goma. To, wa ya ci gardama? Ni dai ina ganin faɗi da shekaru duka ba su ne ma'auni ba. Ga dalilina.

A 1982 babbar kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus. Sai a 1987 anka buɗe sabon gini. Cikin shekarun nan mutanen Yamai ba su daina saye da sayarwa ba. Ƴan kasuwa sun koma wasu wurare, masu saye sun bi su. Gini ya tafi, kasuwa ba ta tafi ba. Ga kuma abin da munka gani da idonmu. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Nijeriya ta rufe iyaka. An sake rufe ta daga Agusta 2023 har Maris 2024. Babu rumfar da ta faɗi a Konni, babu ginin da ya tsage. Amma kaya sun yi tsada, masu albasa da masu bisashe sun rasa masu saye kamar da. Gini yana nan, kasuwa ta yi sanyi. Ashe abin da ke riƙe kasuwa uku ne: hanya, da mutane, da amana.

Akwai abin da tamu ta fi babban kanti da shi. A kanti, talaka mai saye ne kawai. Ba ka isa ka ja akuyarka ka shiga da ita ba. Tsohuwa ba ta shiga da kazarta guda, ko da kwanon ƙuli-ƙulinta. A tamu kasuwar kowa mai saye ne, kowa mai sayarwa ne. Ana gaisawa, a tambayi gida. Mai awo ya yi maka gyara. In ka rasa, wanda ya san ka ya ba ka bashi sai kaka. Na'urar kanti ba ta san sunan babanka ba. Don haka kada wani ya raina rumfar kara.

Amma akwai abin da kanti ya fi mu da shi, kuma ba sanyi ba ne, ba fitila ba ce. Rubutu ne. Kuɗin kaya a rubuce. Nauyin kaya a rubuce. Abin da ka biya a rubuce. Yaro da babba, baƙo da ɗan gari, kuɗi guda suke biya. Mu kuwa komi namu a ka yake, kai kuwa yana mantuwa. Tiya ba guda ba ce: wata an bubbuga gindinta ta zurfafa, da ita ake saye, wata ƙarama da ita ake sayarwa. Buhun albasa a cika shi, a ƙara masa hula bisa, amma kuɗin buhu guda ake biya. Albasarmu ta Galmi tana zuwa har Abijan da Akara, amma wanda ya sha wahalar ban ruwa shi ne bai san nauyin abin da ya sayar ba. Malamai kullum suna jan kunne kan tauye mudu. Wa'azi yana gyara zuciya, rubutu kuma yana tsare haƙƙi.

Wani dattijo a ajinmu ya ba wani ɗan kasuwa buhun wake 12 bashi, a kan zai biya in ya dawo daga kudu. Da ya dawo sai ya ce buhu 10 ne. Mutum biyu sun ga awon. Guda ya tafi cirani, guda ya ce ba ya tunawa. Anka je gaban maigari. Maigari ya ce: "Malam, ina takarda?" Babu. Haka buhu biyu sunka salwanta, abincin gida na makonni. Abin da ya fi ciwo, mutanen nan biyu sun daɗe suna hulɗa, yanzu ko gaisawa ba su yi. Mai yiwuwa ne ma ɗan kasuwar ba cuta ya nufa ba, mantuwa ce. Layi guda na rubutu da ya tsare wake, ya tsare zumunci. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ga wani wuri inda ake yawan ruɗewa. Mu da dala muke ƙirga, amma lambar da ke bisa kuɗi tamma take ƙirgawa. Dala guda tamma 5 ce. In ka ga an rubuta 100, dala ashirin ke nan. In ka ga 250, dala hamsin. In ka ga 500, dala ɗari. In ka ga 1000, jikka guda, wato dala ɗari biyu. Dabarar guda ce: raba lambar gida biyar, sai ka samu dala. Wanda ya riƙe wannan, ba a cutar sa a tikitin kasuwa, ko a kantin magani, ko wajen ƴan canji in zai juya naira zuwa sefa.

To, me za mu yi? Ba mu da kuɗin gina bene, kuma ba shi muke bukata ba. Abin da ke hannunmu shi ne wannan.

Na ɗaya, kowane gida ya sayi ƙaramin littafi da biro. Duk abin da ya fita bashi, ko ya shigo bashi, a rubuta rana, da suna, da yawan kaya, da kuɗi. Mai karɓa ya sa hannu, ko ya dangwala yatsa, gaban shaidu biyu. Wannan ba rashin yarda ba ne, maganin mantuwa ne.

Na biyu, mata masu fura da masu mai da masu adashi, ku ma ku riƙe naku littafi. Ki rubuta abin da kika sayi gujiya, ki rubuta abin da kika samu. A ƙarshen wata za ki san ko riba kike ci, ko uwar kuɗi kike ci.

Na uku, mu zauna da sarkin kasuwa da dillalai da masu awo, a tsaida tiya guda wadda kowa ya yarda da ita, a sa mata alama. In da hali, a haɗa kuɗi a sayi sikeli, a riƙa ɗora buhu kafin a yanke ciniki.

Na huɗu, a kafa allo a bakin kasuwa. Duk ranar kasuwa, wani daga cikin waɗanda sunka yi yaƙi da jahilci ya rubuta kuɗin tiyar hatsi, da dawa, da wake. Wanda ya zo daga ƙauye mai nisa ya karanta, ko a karanta masa, kafin wani ya tare shi a hanya.

Na biyar, mu yi hankali da wuta. Masu tuya da masu sayar da mai a kwalba su nisanta da rumfunan kara. Kasuwar Yamai ta ƙone, ta Sabon Gari a Kano ma ta ƙone a 2016. Abin da ya ci manya ba zai bar ƙanana ba.

Saura aiki guda, kuma shi ne ya fi daɗi. Mun san shekarun Kurmi don an rubuta tarihin sarakunan Kano. Mun san shekarun kantunan Filifin don an rubuta. Kasuwar garinku fa, shekararta nawa? Ku je wurin tsofaffi tun suna da rai. Ku ce: "Baba, zamanin wane sarki anka fara cin kasuwar nan? Wa ya kafa rumfar farko? Me ya sa anka zaɓi wannan rana?" Ku tambayi su inna abin da ake sayarwa da suna ƴanmata. Ku rubuta da hannunku, ko da layi biyar ne, ku ba malaminku ya aiko. In Allah ya yarda, jama'ar wasu garuruwa za su karanta, su ma su aiko nasu.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya kare mu daga gobara da rashin amana, ya ba mu damina mai kyau. Amin.