Rumbun yana nan, hanyar ce ta ɓace

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, zan kuma ba ku labarin daren da na kusa goge takardar gonar mahaifinmu da hannuna.

A gidanmu nan Kafur akwai wani ɗan baƙin akwati a kan kabad, bai kai girman bulo ba. Faifan ajiya ne a cikinsa, an haɗa shi da rauta ta kebul, duk waya ko kwamfutar da ta hau waifai ɗin gidan tana iya buɗe shi. Ƙanena da ke karatu a Zariya ya kawo shi a ƙarshen 2021. 'Yan yankin nan ba su manta watan Satumba na shekarar ba, lokacin da aka katse layukan waya a Funtuwa da Malumfashi da Bakori da wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro. A lokacin muka gane abin da ka ajiye a intanet, in babu sabis, kuɗi ne a aljihun wani. Shi wannan akwatin ba ruwansa da sabis ko data, wuta kawai yake so, sola kuma tana ba shi. Muka zuba masa lissafin taki da na buhunan masara, hotunan biki, muryar Baba da aka ɗauka kafin ya rasu, da hoton duk wata takarda da muka samu a jakarsa.

A daminar bana tsawa ta ƙone tsohuwar rautar. Na sayo sabuwa a Funtuwa, na sa mata layi, na maida kebul ɗin akwatin, wayoyi suka hau, yara suka koma kallon bidiyonsu. Ban ko buɗe kwamfuta ba.

Sai ga Kawu wata ranar Alhamis bayan la'asar, ransa a ɓace. Akwai gonarmu ta hanyar Gozaki da Baba ya ba wani maƙwabci jingina shekaru da dama. Mun tara kuɗin fansa, amma shi ma mutumin ya rasu, 'ya'yansa kuma suka ce su dai abin da suka sani sayarwa aka yi. Za a zauna gaban dagaci ranar Asabar. Takardar asali gara ta cinye rabinta, daidai wajen da shaidu suka sa hannu. Na ce, “Kawu, kwantar da hankalinka, akwai hotonta tun tana lafiya.”

Na kunna kwamfuta. Wurin da na saba shiga, wanda ke da harafin Z, sai ga jan kuros a kansa. Na danna, ta yi ta juyi, ta ce ba ta ga hanya ba. Akwatin kuwa ga shi nan fitilarsa kore, yana ɗan gurnaninsa kamar kullum. Wallahi gumin da na yi a wannan lokacin ko a huɗar gona ban taɓa yinsa ba.

Da daddare na kira wani yaro mai gyaran waya. Ya duba, ya ce tsawar ta taɓa faifan, a yi masa fomatin kawai ya dawo sabo. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da ya saba yi wa waya ke nan. Har ya fara neman tsinken da zai tsokana ramin risetin, sai kalmar “sabo” ta tsaya mini a wuya. Na ce a bari sai na samu ƙanena.

Sai bayan sallar asuba ya ɗauka. Tambayarsa ta farko: “Yaya, ka canza rauta?” Da na ce e, sai ya yi dariya, abin da ya ƙara ɓata mini rai.

Ga bayanin da ya yi mini, yadda na fahimce shi. Kowace na'ura a gida tana da lambar adireshi mai kashi huɗu, rauta ce ke rabawa. Kashi ukun farko kamar sunan unguwa ne, na ƙarshe lambar gida. Tsohuwar rautarmu unguwarta 192.168.1 ce, sabuwar kuma 192.168.8. Wayoyi da kwamfuta duk lambar da aka ba su karɓa suke, shi ya sa suka tare a sabuwar unguwa ba gardama. Akwatin kuwa ƙanena ya kafe masa lamba da hannu tun ranar farko, don kada ta riƙa sauyawa. Sai ya zauna shi kaɗai a tsohuwar unguwa, kebul ɗaya ya haɗa su amma ba mai jin kiran wani.

Na ce to mece ce lambar? Ya yi shiru. Ko 50 ko 100, ya manta, bai kuma rubuta a ko'ina ba. Nan na yi masa faɗan da na daɗe ina tarawa. Can ya ce in karanta abin da ke rubuce kusa da harafin Z. Ga shi ɓaro-ɓaro: 192.168.1.50. Tun jiya nake kallonsa, na ɗauka ado ne.

Sauran aikin bai kai minti 15 ba. Na rubuta 192.168.8.1 a burauza, na sa kalmar sirrin da ke manne a ƙarƙashin rautar, na nemo wurin adireshin cikin gida na maida shi 192.168.1.1. Ya sa na gyara rabon lambobi ya fara daga 100, don kada wata rana a ba wayar baƙo lamba 50 su yi karo da akwatin. Rauta ta mutu ta taso. Jan kuros ɗin yana nan, gabana ya sake faɗuwa, amma ina dannawa sau biyu sai ga komai ya baje.

Kalmar “jingina” tana layi na biyu na takardar, ga sunayen shaidu uku a ƙasa, ɗaya yana raye a Mahuta. Na je Malumfashi na buga kwafi huɗu.

Zaman Asabar bai ƙare magana ba, don 'ya'yan marigayin sun ce hoto ba takarda ba ne. Dagaci ya haɗa kwafin da guntun da gara ta bari, rubutun ya yi daidai, ya ce a kawo dattijon Mahuta bayan an gama girbi. Muna jira.

Na rubuta lambar da kalmar sirrin a takarda na manna a jikin akwatin, na kuma ba uwargida kwafi ta sa a adakarta. Kawu da ya dawo na kunna masa muryar Baba, ya saurara har ƙarshe bai ce komai ba. Da zai tafi ya nuna akwatin da sandarsa ya ce, “Shi wannan tsawa ba ta cinsa?” Na ce tana ci, Kawu. Ya ce to in na sayar da masara in sayo na biyu, a ajiye a gidansa.