Makahon da ya fi masu ido gani

A Linjilar Yahaya sura 9, wanda ya fi jan hankalina shi ne mutumin da aka haifa makaho. Yesu ya shafa masa laka, ya je ya wanke a tafkin Siluwam, ya dawo yana gani. Farisiyawa suka titsiye shi har sau biyu, domin sun riga sun yanke hukunci cewa mai warkarwa ran Asabar mai zunubi ne. Makantar zuciya ke nan. Iyayensa suka tsorata, suka zame jiki. Shi kuwa ya ƙi musun abin da ya same shi, har aka kore shi. A wajen ne Yesu ya neme shi. Wannan nake tunawa duk sa'ad da bangaskiyata ta jawo mini ƙiyayya.