Yadda Muka Sayar da Gidan Babanmu na Salaga

Labarin da zan ba ku a wannan wata ba na alfahari ba ne, domin a wurinmu 'yan zango, wanda ya sayar da gidan ubansa, ko ba a faɗa masa a fuska ba, an faɗa a bayan idonsa. To, mu dai mun sayar da namu, kuma tun daga lokacin mutum uku sun same ni a Yendi, kowa a asirce, suna tambayar yadda muka yi. Shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya gani.

Gidan ɗaki tara ne da zaure, da rijiya a tsakar gida. Baba ya gina shi da ƙasa tun yana saurayi, daga baya ya yi masa shafen siminti ya rufa kwano. Allah ya yi masa rasuwa a 2021, ya bar Mma da mu 'ya'ya biyar, maza uku mata biyu, kuma ba ɗayanmu da ke zaune a Salaga. Ni ina koyarwa a Yendi, ƙanena mai bi mini yana cinikin albasa a Bawku, autanmu yana Nima a Ankara, matan kuwa suna gidajen mazansu a Kumasi da Tamale. Wannan warwatsuwa ba sabon abu ba ne ga Salaga. Garin da ayarin Kano da Katsina suka riƙa sauka don goron Asante ne, har tafiyar ta samu suna, ana cewa fataucin Gwanja. Yaƙin basasa na 1892 ya kore fatake zuwa Kete Karaci da Yeji da sauran wurare, har da babban malami Alhaji Umaru. Tun daga nan Salaga take haihuwa, wasu garuruwa suna mora.

Abu biyu suka tilasta mu. Na farko, Mma ta tsufa, tana zaune ita da 'yan haya, rannan ta zame a bakin rijiya, sai da aka kwana aka wuni kafin labari ya iso mini. Na biyu, ƙanena. Daga ƙarshen 2021 rikicin sarauta ya sake tashi a Bawku, aka sa dokar hana fita, kasuwa ta mutu, hanya ta zama abin tsoro. Shi ba ruwansa da kowane ɓangare, amma harsashi ba ya tambayar ƙabila. Yana son ya kwashe iyalinsa zuwa Tamale, ga shi ɗan gidan da ya gina a Bawku ba mai tayawa. Wa zai sayi gida a garin da kowa ke neman hanyar fita? Sai ya zama idonsa duka yana kan gadonsa na Salaga. Kusan kullum da dare sai ya kira ni: "Yaya, don Allah a sayar ko nawa ne."

Wannan magana ta "ko nawa ne" ita ta hana ni barci, domin na taɓa jin irinta a bakin Baba. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana. Baba yakan ba mu labarin maƙwabtansa da suka sayar da gidaje a kuɗin da bai kai na kwanon rufinsu ba, wasu ma suka miƙa mabuɗi kawai suka hau lori. Mai saye ya san ranar da mai sayarwa zai tashi, to me zai sa ya yi tayin kirki? Haka kuwa ta so ta faru da mu. Da labari ya bazu cewa muna cikin matsi, wani ɗan kasuwa ya zo ya zagaya gidan sau ɗaya, ya taya sidi 120,000, ya ce kuɗin suna cikin mota. Ƙanena ya ce a karɓa. Na ce a'a. Mun yi wata guda ba mu gaisa da daɗin rai ba.

Abin da na yi shi ne, na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A shafin dama na rubuta abin da muke tsammanin samu, a na hagu abin da zai fita. Shafin dama layi ɗaya ne tak. Na hagu kuwa sai da na juya takarda.

Abin da ya fi ba mu wuya ba bango ba ne, takarda ce. Mun buɗe akwatin ƙarfe na Baba muna zaton za mu ga cikakkiyar takardar gida, sai muka tarar da 'yar takardar ba da fili kawai, ta yi ja, gara ta ci gefenta. A zamaninsu wannan ta isa, domin kowa a unguwa shaida ne. Yanzu shaidun suna makabarta. Ya kamata 'yan'uwa su gane wani abu da ni kaina ban gane ba sai da na shiga ciki: tsarin mulkin ƙasa na 1992 bai yarda a mallaka wa mutum ƙasar sarauta har abada ba. Ginin naka ne, ƙasar kuwa aro ce na shekaru, galibi 99 ga ɗan ƙasa, wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba ya wuce 50. Saboda haka mai saye mai hankali zai tambaye ka shekara nawa suka rage, kuma ko masu ƙasa sun yarda da cinikin. Ƙasar Salaga tana ƙarƙashin Kpembe, don haka sai da muka kai gaisuwa da goro kamar yadda al'ada ta tanada. Muka ɗauko mai awon fili ya zana taswira, muka je Hukumar Filaye aka bincika ko wani ya taɓa rajistar wurin da sunansa. Sannan tunda mai gidan ya rasu, ba wanda ke da ikon sa hannu sai kotu ta ba da takardar wakilcin magada. Duk wannan, da kuɗin lauya, ya ci sidi 11,000, goron fada 3,000, zirga-zirgata tsakanin Yendi da Salaga da Tamale 2,000. Wata bakwai muka yi a kai. A nan ne lauya ya faɗa mini wani abu da zan bar wa magidanta: Dokar Filaye ta 2020 ta ce gidan da aka samu a cikin aure, miji ba ya sayar da shi sai matarsa ta yarda a rubuce, haka ita ma.

Gyara kuwa, a nan na yi kuskure. Na so a yi wa gidan fenti ciki da waje don ya ɗauki ido. Wani tsohon magini, abokin Baba, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, mai sayen gida sama yake kallo, sannan ya kalli ƙasa." Wato rufi da gindin bango. Sai muka canja kwano goma sha biyu da suka ruɓe, muka toshe tsagar bangon gabas inda ruwan sama ke duka, muka gyara makewayi, muka yi wa rijiya murfi, muka shafa farar ƙasa. Amma kafin in ji shawararsa na riga na sayi fenti na sidi 2,000, yana nan a ɗakina har yau. Ga kuma tsadar kaya: a Disamba 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 54 cikin 100, kuɗin buhun siminti da magini ya faɗa mini ranar Litinin ba shi ne na ranar Juma'a ba. Gyara ya tashi 14,000.

Sai basussukan da ba wanda ya san da su. 'Yan haya sun bar kuɗin wuta ya taru, harajin gida na majalisar gari da kuɗin ƙasa na shekara-shekara kuma ba a biya ba tun Baba yana jinya: 4,500. Biyu daga cikin 'yan hayan sun biya kuɗin shekara biyu gaba, an kuma kashe kuɗin a jana'iza da sadakar arba'in. Ba a korar mutum da kuɗinsa a hannunka, muka mayar musu 6,000. Dillali muka yi da shi a kan kashi 5 cikin 100, kuma na sa aka rubuta a gaban shaidu biyu, don na sha ganin la'ada ta raba abokai.

A watan Fabrairu 2024 wani ɗan garin da ke aiki a Kumasi ya saya a kan sidi 190,000. Ya zo da nasa lauyan, wanda bai ko kalli farar ƙasarmu ba, takardu kawai ya yi ta juyawa. Muka ce kuɗin ta banki za su bi, ba a jaka ba. La'adar dillali 9,500. Idan kuka tara duka, sidi 50,000 sun fita kafin kowa ya taɓa ko fesuwa.

Saura ƙaura. Malamin da ya raba mana gado ya ce kuɗin tashin Mma ba ya cikin abin da shari'a ta ce a cire, sai in magada duka sun yarda. Alhamdu lillahi suka yarda, aka ware 12,000. Na zaci lori ne babban abu, ashe shi ne ƙarami: 3,500 daga Salaga ta Bimbilla zuwa Yendi, da 'yan dako a can da nan. Na zaɓi rani da gangan, kafin ruwa ya sauka. Sauran kuɗin sun tafi wajen gyara mata ɗaki a gidana, da rumfar girki, da tankin ruwa, domin matar da ta shekara sittin da rijiya a ƙofar ɗakinta ba za ta iya zaman jiran famfo ba.

Amma wa zai lissafa kayan tsohuwa? Tasoshi da kwalla da fanteka na aurenta, gadon ƙarfe, tukwanen suna da biki waɗanda unguwa duka ke ara, da littattafan Baba cikin gafaka. Na ce a rage, lori ɗaya muka yi ciniki. Ni ɗan fari ne, Mma ba ta kiran sunana. Ta dube ni ta ce, "Kai wannan, rijiyar ma an sayar?" Na ce, "Mma, tana cikin gidan ai." Ba ta ƙara cewa komai ba. Ta kwana biyu tana rarraba tukwane ga maƙwabta, kowace da wadda za ta ba, kuma ba ta bar kowa ya sa mata baki ba.

Ranar rabo muka zauna a zaurena a Yendi, na Ankara yana kan waya. Abin da ya rage 128,000. Mma ta ɗauki tumuninta, 16,000. Sauran 112,000 aka kasa takwas: kowace mace 14,000, kowane namiji 28,000. Ƙanena ya yi shiru. Shi a ransa ya raba 190,000 gida biyar, ya riga ya yi wa mai gida a Tamale alkawari. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida gaba, amma wa ya taɓa samun ɗaki a haka? Shekara biyu aka nema a wurinsa, ga lorin da zai fito da kaya daga Bawku ta Bolga, wanda direbobi suka tsawwala saboda haɗarin hanya. Na miƙa masa littafin. Ya bi shi layi-layi da yatsa, ya tsaya a kan fentin nan, ya ɗago kai ya ce, "Yaya, wannan fa?" Na ce nawa ne, a cire daga rabona a mayar wa kowa haƙƙinsa. Sai ya yi dariya, karo na farko cikin watanni. Daga baya shi da kansa ya lissafa abin da zai samu da mun karɓi tayin farko, ya ga ko hayar ba za ta fita ba. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Shekara guda da ya ƙara a Bawku yana jirana, da 'ya'ya huɗu a ɗaki ana jin harbi, ba ta cikin littafina, kuma har yau ban san yadda zan rubuta ta ba. Ƙanwarmu ta Kumasi ta ranta masa 5,000 daga nata. Ya tashi da iyalinsa a watan Afrilu, ya kulle gidansa na Bawku ya bar mabuɗi a hannun wani maƙwabci.

Mako uku da tarewar Mma a Yendi, ta ce turminta ya tsaya a Salaga, a bayan ɗakin girki. Na ce zan saya mata sabo a kasuwa. Ta ce ba ta so. Na kira mai gidan, ya ce yana nan, ba wanda ya taɓa. Muka biya Motor King ya kai shi tasha, direban motar Bimbilla ya ɗora a sama, wani ya karɓa ya sako shi a motar Yendi. Sidi 180 ya ci, na rubuta a ƙasan shafin hagu.