Hitar Banɗaki a Kano da Paraku

Wanda ya taɓa gyaran banɗaki a Kano ya san zancen. A fasa bango, a jera tayil, a rataye hitar ruwa can sama da shawa, mai wayarin ya sa mata makunni a waje. Daga nan sai zaman jiran a kawo wuta. Shi ya sa a gidaje da dama hitar ta zama ado, ruwan wankan asuba kuwa yana kan gas ko kurfoti.

A Paraku da Jugu, arewacin Jamhuriyar Benin, ba haka na tarar ba. Hunturun Disamba da Janairu na busawa, ko da bai kai na Katsina cizo ba. Wuta ta fi zama, alhali wani kasonta daga Nijeriya ake sayo shi, ta layin Ikeja zuwa Sakete da aka buɗe a 2007. Abin haushi, abin dariya.

Mutanen can damuwarsu lissafi ce. Kamfanin wutar lantarki na SBEE, bisa tsarin da aka gada daga Faransa, yana ƙayyade wa kowace mita ƙarfin da mai gida ya nema. Kafin mai gyaran wuta ya ɗauki guduma sai ya tambaya: "Alhaji, amfiya nawa ce mitarka?" In 5 ce, magana ta ƙare, domin a kan bolt 220 ba za ta wuce wat 1,100 ba, hita mai wat 1,500 kuwa ita kaɗai tana jan kusan amfiya 7. Ko mai 10 ne da kai, Hajiya ta jona dutsen guga ana cikin dumama ruwa, gida ya yi ɗif, a aiki yaro da tocila ya tayar da abin katse wutar. Dole ka je ofis ka nemi ƙari, ka biya.

Da fari na ɗauka takura ce. Amma tana tilasta wa mutum ya auna wayarsa da kayansa tun kafin a rufe bango da siminti, abin da mu kan bar wa sa'a a ɗakin da ruwa da wuta ke haɗuwa.

Mutanenmu na Zango masu shigo da kaya ta iyakar Cikanda su kula da wani abu: fulogin Nijeriya mai ƙafa uku ba ya shiga soket ɗin Benin mai zagayayyun ramuka. Wasu sai su yanke kan, su haɗa waya biyu, su bar ta ukun tana lilo. Ita ce ke kai wuta ƙasa ranar da hitar ta fara yoyo.